Lambun Gida Mai Sauƙin Kula, Mai Tara Tsuntsaye: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya. Jama'a na son kore a gida, suna son jin kukan tsuntsu da asuba, amma ruwa ya yi tsada, lokaci ya yi ƙaranci, ga kuma tsoron sauro da maciji. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama gini a wata sabuwar unguwa a bayan gari, ya rage mini fili a bayan gida, mita 10 tsawo, 8 faɗi. Mai fulawa ya ce in shimfiɗa ciyawar kafet, in jera dogayen itatuwan ado a jikin katanga. Ni kuwa a wajen 'yan garuwa nake sayen ruwa, kuma sai dare nake dawowa daga kasuwa. Me zan shuka wanda ba zai zame mini wahala ba? *Wani ɗan kasuwa, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara da lissafin da mai fulawa bai yi maka ba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, kowace murabba'in mita ta ciyawar kafet tana buƙatar lita 5 zuwa 7 na ruwa a kullum kafin ta tsaya kore. Filinka murabba'in mita 80 ne, ka ga lita 400 zuwa 560 ke nan, wato jarka 16 zuwa 22 mai cin lita 25, kowace rana ta Allah. Ga aski duk bayan mako biyu. Bayan duk wannan ɗawainiya, ciyawar ba ta fure, ba ta 'ya'ya, babu abin da tsuntsu ko ƙudan zuma zai samu a cikinta. Shawararmu ka haƙura da ita.

Ruwan da kake nema yana saman kwanonka. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. In rufinka ya kai murabba'in mita 120, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, lita 3,600 ne suka sauko ta indararo a dare guda. A daminar da ta ba da milimita 800, abin da ba baƙo ba ne a Kano, lissafin ya kai lita 96,000. Yawancin gidaje kwata suke kai shi. Saboda haka aikin farko, tun kafin ka sayi dashe ko ɗaya, shi ne gyara ƙasa yadda za ta shanye wannan ruwa.

Ka haƙa kwari marar zurfi guda ɗaya, mita 3 tsawo, 2 faɗi, zurfin santimita 20, gefensa a kishingiɗe. Zai ɗauki wajen lita 1,200. Kada ya matsi harsashin gini ko katanga, a bar aƙalla mita 3, a kuma nisanta shi da rijiya da ramin masai. A ja 'yar magudana daga gindin indararo zuwa kwarin, a zuba duwatsu inda ruwan yake faɗowa don kada ya zaizaye ƙasa. A yi masa mafita ta gefe ɗaya, ƙasa kaɗan da bakinsa, wadda za ta kai rarar ruwa kwata idan an yi mamako. Wanda ya manta da mafitar nan, a watan Agusta zai ga ruwa a tsakar ɗakinsa. Kafin haƙan, ka gwada ƙasar: rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, ya shanye, a sake cikawa. In na biyun ya ƙafe cikin yini da kwana, ƙasar ta yi. In ya kwana biyu yana nan, laka ce ko marmara a ƙasa. Sai a rage zurfin zuwa santimita 10, a ƙara faɗi, a cakuɗa taki da yashi.

Sai shuka. Daji hawa-hawa yake: manyan itatuwa a sama, ƙananan itatuwa a tsakiya, ciyayi a ƙasa, kuma kowane hawa da masu zama a cikinsa. Haka za ka tsara naka. A sama, bishiya ɗaya ta ishi fili irin wannan. Mun fi son magarya mai aure, irin manyan 'ya'yan nan da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, domin gindin na magaryar gida ne mai jure fari, kan kuma na irin Indiya ne. Furenta na tara ƙudan zuma, ƙayarta na sa ƙananan tsuntsaye su aminta su yi sheƙa. In ba ka same ta ba, aduwa ma ta yi, sai dai tana da jinkirin girma. A dasa mita 4 zuwa 5 daga gini, a bakin kwarin, ba a tsakiyarsa ba, don kada gindin ya jiƙe ya ruɓe.

A hawan tsakiya, zogale uku ko huɗu, tazarar mita 2, a datse kansu idan sun kai mita ɗaya don su yi rassa maimakon su miƙe kamar sanda. Lalle a jikin katanga, tazarar santimita 40 zuwa 50, zai zama shinge mai ƙamshi lokacin fure. Lemun tsami guda ɗaya kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke marar omo da yawa, don shi kaɗai ne a jerin nan da ba zai taɓa daina neman ruwa ba. A ƙasa, gindin gamba ko jema biyar ko shida a gefen kwarin, saiwarsu na riƙe ƙasa, ƙwayarsu abincin ƙananan tsuntsaye ce. Tsakaninsu a watsa yakuwa, karkashi, riɗi da ɗaɗɗoya a farkon damina. In ka bar wasu suka bushe da 'ya'yansu, baɗi da kansu za su fito. Garahuni kuma a bar shi ya hau katanga.

Abin da za ka kiyaya: cediya, durumi, gamji da ɓaure. Babu itatuwan da suka kai su ciyar da tsuntsaye, amma saiwarsu na fasa katanga da ramin masai, wurinsu dandali ne ko filin makaranta. Itacen turare kuma ruwa yake zuƙa, ga shi babu abin da ke tsiro da kyau a ƙarƙashinsa.

Ramin dashe santimita 50 ta kowace fuska, a haƙa tun Mayu, a mayar da ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa. A dasa idan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Wanda ya bari sai Satumba, dashensa zai shiga rani da gajeriyar saiwa. A ranin farko kowace bishiya bokiti ɗaya mai lita 15 zuwa 20, sau biyu a mako, da yamma. Rani na biyu sau ɗaya a mako ko kwana goma. Daga na uku, magarya da aduwa da lalle sun yaye. Yayyafin kullum da safe shi ne kuskuren da ya fi yawa, yana sa saiwa ta tsaya a sama tana jiran ruwa, rana ɗaya aka fasa sai ka ga ganye ya yanƙwane.

Kada mu ruɗe ka: shekara biyun farko akwai aiki. Sauƙin daga baya yake zuwa. Kuma tsuntsaye za su ci rabonsu a magaryar. Hadisi ingantacce ya nuna abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi, don haka mu dai ba ma lissafa wannan a cikin asara.

Tambaya: Ina so in ajiye wa tsuntsaye ruwa a tsakar gida, maigida ya ce kiwon sauro zan yi, ga yara ƙanana. Yaya zan yi? *Wata uwargida, Zariya*

Amsa: Hajiya, maigida ya yi gaskiya idan aka ajiye ruwan aka manta da shi. Amma sauro ba ya ƙyanƙyashewa a kwana ɗaya. Daga ƙwai zuwa mai tashi yana ɗaukar kwana 7 zuwa 10 a yanayin zafi. Ruwan da ake zubarwa duk bayan kwana biyu ba zai taɓa fitar da sauro ba. Zubarwa kaɗai ba ta isa ba, a goge cikin kaskon da soso, domin akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi, saman ruwa kaɗan, ƙwan ya jure bushewa har watanni, a sake zuba ruwa ya fashe. Shi ne mai kawo shawara da zazzaɓin dengi.

Ki samu kaskon ƙasa mai faɗi, ruwan kada ya wuce zurfin santimita 3 zuwa 5. Ƙananan tsuntsaye na tsoron zurfi, roba mai santsi kuma na nutsar da su. Ki saka duwatsu biyu ko uku da kansu ya fito waje, nan ƙudan zuma zai sauka ya sha bai faɗa ba. A ɗora kaskon a kan abu mai tsayin mita ɗaya, a inuwa, kamar mita 2 zuwa 3 daga wata bishiya: kusa yadda tsuntsu zai tsere wa shaho, da nisa yadda kyanwa ba za ta laɓe ta yi tsalle ba. Kada a zuba sukari ko gishiri. In kina kiwon kaji, ki raba musu wurin sha da na tsuntsayen daji nesa da juna, saboda murar tsuntsaye da sauran cututtuka ta ruwa da kashi suke yaɗuwa.

Daga Fabrairu zuwa Mayu ne abin ya fi amfani, lokacin da kududdufai suka ƙafe. Za ki fara ganin kurciya da hasbiya, sannan ƙananan nan jajaye da shuɗaye masu tafiya garke. Da damina ki kife kaskon, ba su da buƙatarsa. Sauron gidanku kuwa, a duba tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, randar da ba murfi da kwatar da ta toshe.

Tambaya: Na yarda da amfanin ciyayi, amma a yankinmu kububuwa ba wasa ba ce. In na bar gamba da ganye a ƙasa, ba gayyatar maciji na yi ba? An ce mini akwai fulawar da ke korarsu. *Wani manomi, Gombe*

Amsa: Malam, tsoronka a kan hanya yake. Kububuwa ce ta fi kowane maciji kashe mutane a yankin savana na Najeriya, shi ya sa ma aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo. Ba za mu ce maka lambu mai duhu ba ya ɓoye maciji ba. Amma a san abin da ke kawo shi: abinci da maɓoya. Abincinsa ɓera ne da kwaɗo da ƙadangare, maɓoyarsa tarin bulo, tarin itace, tsohon kwano da ramin gafiya. Gida mai siminti ko'ina, in akwai buhunan hatsi a ƙasa da bola a bayan ɗaki, ya fi lambu mai tsari jan maciji.

Ga tsarin. A bar fili fetal, mita 2 zagaye da ɗakuna, ba ciyawa, ba tukwane, a riƙa share shi. Hanyoyin cikin lambu su kai faɗin mita ɗaya, a zuba tsakuwa ko a daɓe, yadda za ka ga inda kake sa ƙafa. Gamba a yi ta gindi-gindi da tazara, ba shimfiɗa ɗaya ba, a can ƙarshen fili, nesa da ƙofa da wurin wasan yara da hanyar banɗaki. Idan tsuntsaye sun gama cin ƙwayarta, wajen Disamba, a yanke ta a bar santimita 15 zuwa 20, karan ya tafi zana ko abincin dabba. Ganyen da za a shimfiɗa a gindin bishiya kada kaurinsa ya wuce santimita 5 a irin yankinku. Itacen girki a ɗora shi a kan dakali ko ƙarfe, santimita 40 daga ƙasa. A toshe ƙasan ƙofa da ramukan katanga. Dare kuwa, fitila da takalmi rufaffe, ko da fitsari za a fita.

Babu wata fulawa da aka tabbatar tana korar maciji, haka kananzir da baƙin mai. Baƙin mai ƙasa kawai yake kashewa, ya gangara rijiya. Dogaro da irin waɗannan yana sa mutum ya saki jiki, nan haɗarin yake.

Maganin maciji na gaskiya shi ne rage ɓera, kuma a nan muna roƙon a sassauta wa mujiya. Farar mujiyar nan da ke kwana a rufin tsofaffin gine-gine tana cin ɓera biyu ko uku a dare, idan tana da 'ya'ya abin ya ninka. Jifanta da ake yi saboda camfi asara ce ga mai rumbu. Gubar ɓera ma tana kashe ta, domin ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, yana yawo a galabaice, mujiya ko kyanwa ta ɗauke shi. A yi amfani da tarko, a rufe hatsi a duro mai murfi. Wannan kuma kariya ce daga zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa. Bushiya ma a ƙyale ta, ƙwari take kwana ci.

In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, mutum na iya ganin kamar lafiyarsa ƙalau a yinin farko, alhali jini na zuba a ciki.

Tambaya: Na bi shawarar lulluɓe gindin dashe da ciyawa, sai gara ta cinye ciyawar, biyu daga cikin dashen kuma suka mutu. In fesa magani? *Wani ma'aikaci, Katsina*

Amsa: Kada ka fesa tukuna, Malam. Gara ta cinye ciyawar, wannan aikinta ne, kuma alheri ne. A ƙasar da ta yi ɓawo, wadda ruwa ke bi ta kai ya wuce, gara ce ke huda ramukan da ruwa zai shiga, ta kuma mayar da busasshiyar ciyawa taki. Manoman Tawa a Nijar da na arewacin Burkina Faso da gangan suke zuba taki a ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, don ta zo.

Mutuwar dashen kuwa, yawanci ɗayan uku ne. Ko ciyawar ta manne da jikin dashen, ta riƙe laima, ɓawon ya yi laushi, gara ta samu gada. Ko dashen ya riga ya galabaita da ƙishi, don gara ta fi afka wa itacen da ya fara bushewa. Ko kuma baƙon itace ne, irin turare, wanda bai saba da gararmu ba; aduwa da kurna da kalgo ba kasafai take kayar da su ba. Ka tona gindin waɗanda suka mutu. In saiwar ta nannaɗe kamar gammo, a leda ta daɗe ko ba a cire ledar ba, gara gawa ta tarar.

Gyaran: a ja ciyawar baya, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 zagaye da jikin dashen, ta zama kamar zobe mai faɗin mita ɗaya, kauri santimita 5 zuwa 8. A barbaɗa tokar murhu cikin tafin hannu biyu a tazarar nan, a sabunta bayan ruwa. Haɗa ciyawar da ganyen darbejiya yana ragewa, ko da yake ba ya hanawa ɗungurungum. In ta cinye, a ƙara wata; gara mai abinci a gabanta ba ta cika neman ɗanyen itace ba. Sharaɗi ɗaya: kada lulluɓin ya kusanci gini, musamman na ƙasa ko mai azara, a bar mita 2. Ganyen da ake sharewa a ƙona kullum da safe, shi ne wannan lulluɓin, kyauta.

Tambaya: Kabewata tana fure sosai amma 'ya'yan sai su yi rawaya su zube tun suna ƙanana. Ina fesa fiya-fiya duk mako saboda ƙwari. Ga kuma wata tsutsa tana cin ganyen lemuna. *Wata malamar makaranta, Sakkwato*

Amsa: Malama, a ajiye fiya-fiya yau ɗin nan. Guba ce mai shiga ta fata da numfashi, ba ta dace da abin da za a ci a gida ba, kuma ga dukkan alamu ita ce ta hana ki kabewa.

Kabewa fure biyu take yi a jiki ɗaya. Namiji yana kan siririn tsinke, macen tana da 'yar ƙaramar kabewa a gindinta. Sai ƙudan zuma ya kwashi garin namijin ya kai wa macen, sau da yawa, kafin ɗan ya kama. Furen da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, ba ya sake buɗewa. In babu mai kai garin a 'yan sa'o'in nan, ɗan zai yi rawaya ya faɗi, daidai yadda kika bayyana. Kafin ƙudan zuman su dawo, ki yi barbarar da hannu: tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, ki tsinki namiji, ki cire ganyen furen, ki goga kansa a tsakiyar macen. Namiji ɗaya ya ishi mata biyu ko uku.

Don su dawo, a samu abin da ke fure a kowane lokaci: riɗi, yakuwa da karkashi da damina, ɗaɗɗoyar da aka bari ta yi fure, zogale da rani. Ba duk ƙudan zuma ne ke zama a amya ba. Da yawa ɗai-ɗai suke rayuwa, a cikin ƙasa ko ramin kara, kuma ba su cika harbi ba. Ki ɗaure guntayen gora ko kara masu rami, tsawon santimita 15 zuwa 20, ki rataye a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya duka. Gidan zanzaro ma in ba a cikin ɗaki yake ba a bar shi, tsutsa da gizo-gizo yake kwasowa ya cusa wa 'ya'yansa.

Tsutsar lemun, in tana ƙarama kamar kashin tsuntsu, in ta girma ta koma kore, ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya. Babbar bishiya ba ta jin cinta. A kan ƙaramin dashe, a tsince da hannu. Haka tafasa da rai-ɗore suke renon farare da rawaya, tumfafiya kuma mai ruwan goro. Ana iya barin gindi ɗaya a lungu, amma a kula da yara, ruwan tumfafiya na illa ga ido.

Idan darɓa ta yi yawa har ganye na nannaɗewa, ga maganin darbejiya: a ɓare busassun 'ya'ya, a daka ƙwayar, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu kamar ƙwayar gyaɗa don ya kama ganye. A fesa bayan la'asar sakaliya, a ƙasan ganye, ban da fure, a maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take, cin abinci yake hana su, sai bayan kwana biyu ko uku za ki ga bambanci. A haɗa wanda za a ƙarar a ranar, rana na kashe ƙarfinsa.

Tambaya: Makarantarmu na da fili fiye da kadada ɗaya, fako ne, ba katanga. Sau uku ana dasa darbejiya, awaki da rani suna cinyewa. Ba mu da kuɗin ban ruwa. *Wani shugaban makaranta, jihar Maraɗi*

Amsa: Malam, maganin a jiharku aka fara shi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, da saiwarsu mai zurfi a ƙasa. Manoma suka karɓi dabarar renonsu, wadda ake kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kadada miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Itacen da ya riga ya yi saiwa ba ya neman bokiti.

Ka zaga filin da ɗalibai bayan damina, ku nemi tohon sabara, kalgo, geza, aduwa, magarya, gawo da bagaruwa. A kowane kututture a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran da wuƙa ko lauje mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A rage ƙananan rassan gefe har rabin tsayi kawai. In aka aske duka, reshen zai yi tsawo ba ƙwari, iska ta karya shi. A ɗaura jan ƙyalle don kowa ya san mai shi na nan, a tara ƙayar da aka sare a zagaye gindin saboda awaki. A koma duk bayan wata uku ko huɗu. In kowane aji ya ɗauki nasa itatuwan, kulawar ba ta faɗuwa a kan mutum ɗaya.

Inda fako ne tsantsa babu kututture, a haƙa ramuka masu siffar rabin wata tun rani: faɗin mita 2 zuwa 4, zurfin santimita 15 zuwa 25, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙo a yi kunya da ita ta ɓangaren gangare. Layi na biyu ya faɗa a tsakanin na farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya shiga wancan. A zuba taki kwando ɗaya, a watsa irin gamba da kyasuwa, a shuka ƙwayar itace. Ƙwayar gawo da bagaruwa ɓawonta tauri gare shi: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba su, su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefe da ƙaramar wuƙa. Shinge kuma na aguwa ko dashi, a yanko rassa a kafa su dab da faɗuwar damina. In aka kafa cikin ruwa tsundum ruɓewa suke yi. Cini-da-zugu bai dace da makaranta ba, yara na cin 'ya'yansa su sha wahala.

Ba mu ce a sare darbejiya ba, inuwarta babu kamarta, a ajiye biyu ko uku a gaban azuzuwa. Amma masu binciken tsuntsaye daga ƙasar Holan da suka bi yankin Sahel suna ƙirga tsuntsu bishiya bayan bishiya sun tarar ƙananan tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai, su iso wajen Satumba da Oktoba su koma Maris da Afrilu, a kan gawo da aduwa da sauran masu ƙaya suke taruwa, darbejiya da turare kuwa kusan wayam. Dalili shi ne masu ƙayar sun fi tara ƙwari da tsutsar da suke ci. Gawo ya ƙara da wata baiwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, ya yi fure a farkon rani lokacin da sauran suka ƙare. Inuwarsa na zuwa daidai lokacin da ɗalibai suka fi buƙatarta.

Tambaya: Gidan haya nake, tsakar gidan siminti ne duka. Akwai abin da zan iya? *Wata ɗaliba, Kaduna*

Amsa: Akwai, 'yata. Tsofaffin bokitai ko jarkokin da aka yanke, masu cin lita 20, a huda ramuka biyar ko shida a ƙasa. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki ɗaya, yashi ɗaya. Ɗaɗɗoya, na'ana'a, yakuwa, barkono, da zogale ɗaya da za a riƙa datsewa a tsayin ƙugu. Ki haɗa su wuri ɗaya su yi wa juna inuwa, inda ranar safe ke samu, ta yamma ba ta duka. Ki ɗora su a kan bulo, domin simintin bazara na dafa saiwa. Ki bar rabin ɗaɗɗoyar ta yi fure. Kada ki sa faranti a ƙarƙashi ya tara ruwa, nan sauro ke samun wuri. In za ki tafi hutu, ki huda murfin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da allura, huda biyu, ki cika ta, ki kife ta cikin ƙasar kowane bokiti. Ki gwada tun mako guda kafin tafiyar, don ki ga kwana nawa take yi kafin ta ƙare, ki ƙara huda ko ki rage.